Tsohuwar da Aka Zaunar Don Kada Ta Faɗi: Wata Ashirin a Wani Gida a Aboabo, Kumasi

## Kafin Yuni 2023

Hajiya zan kira ta, yadda kowa a gidan yake kiranta in ban da 'ya'yanta da ke ce mata Mma. Shekarunta 73 lokacin da abin ya fara. Ni aikina gashin ƙashi ne, abin da mutanen zango suka fi sani da fisiyo, kuma unguwarmu ɗaya da ita.

Kusan shekara arba'in tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi a Aboabo. Tashin ƙarfe uku na dare, damun koko a babbar tukunya, sannan zama a kan 'yar kujera gaban kasko har hantsi. Gwiwoyinta sun fara ciwo tun tana 'yar sittin da 'yan kai, ta dama ta fi tsanani. Ita sanyi take ce masa. Tana da hawan jini, tana shan ƙwaya iri biyu kullum, nauyinta kilo 84. Duk da haka, har farkon 2023 da ƙafarta take zuwa wurin sana'a, kuma a tsaye take sallah, sai dai ta dafa bango in za ta miƙe daga sujada.

Gidan na haya ne, ɗaki 14 kewaye da tsakar gida ɗaya. Makewayi yana can ƙarshe, mita 15 daga ƙofarta. Kwata a buɗe ta ratsa tsakar gidan, kuma a bakin makewayin akwai dakali mai tsayin kamu guda wanda gansakuka ke lulluɓewa duk damina.

## Yuni 2023: faɗuwar farko

An kwana ana ruwa. Da asuba ta fito da buta, da silifas ɗin roba wanda gindinsa ya riga ya siɗe. A kan dakalin nan ƙafa ta zame, ta kai hannun dama ta tare, tsintsiyar hannun ta karye. Ta yi kamar minti 20 a kwance kafin wani maƙwabci da zai tafi masallaci ya gan ta.

An kai ta wurin maɗori. Ɗorin ya yi mako shida, hannun ya kama, da ɗan karkata. Hannu aka duba. Ba a auna hawan jininta ba, ba a duba idonta ko ƙarfin ƙafarta ba.

Wata takwas bayan haka, da na tambaye ta ranar, ga abin da ta ce: "Ba karayar ce ta tsaya mini a rai ba, 'yata. Kwanciyar nan ce cikin ruwan kwata, zanena a buɗe, kuma namiji ne ya ɗaga ni."

## Yuli zuwa Disamba 2023: zaman ɗaki

Babban ɗanta, direban mota ne, ya yanke magana: Mma ta gama wahala. Matarsa ta karɓi kasko. Aka saka fo a ɗaki, ana kawo ruwan alwala a roba, abinci har bakin gado, sallah ma a bakin gadon a zaune. In ta yunƙura za ta ɗauko wani abu, sai yara uku su riga ta. Ƙanin babban ɗan da ke Italiya ya aiko da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ƙarfen bai iya tsallake kwata ba, bai kuma iya juyawa tsakanin gado da akwatuna, sai ya zama maratayin mayafi.

Ciwon gwiwa bai ragu da hutun ba, ƙaruwa ya yi, ya haɗa da kwankwaso. Abubuwan da aka gwada a wannan wata shida: man zafi, jiƙo iri-iri, ƙaho sau biyu a wurin wanzami, diclofenac daga kemis sau biyu ko uku a rana, da haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda babu suna. A Satumba wani jikanta ya samo mata tramadol a wurin abokansa masu tuƙa pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya. Shi kam ya kwantar da ciwon, ya kuma sa ta yini tana gyangyaɗi.

Faɗuwa ta biyu a Oktoba ce, cikin dare, an ɗauke wuta. Ta miƙe daga gado za ta je kan fo, jiri ya kwashe ta, goshi ya bugi gefen akwati. Ta uku a Disamba, da rana tsaka, babu santsi babu duhu: ta miƙe, ƙafafun suka ƙi ɗaukarta, ta sulale ƙasa. Daga nan ko bakin ƙofa ta daina leƙawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

## Janairu 2024: asibiti

Katin inshorar lafiyarta ya yi shekara biyu da mutuwa ba wanda ya kula, alhali a tsarin da Gana ta kafa da dokar 2003, wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara. Ta waya aka sabunta shi, aka kai ta wani asibiti a cikin gari.

Hoton ƙashi ya nuna amosanin gaɓa a gwiwa biyu, guringuntsin ta dama ya fi cinyewa. Hawan jininta a kwance 148 bisa 86, minti ɗaya bayan ta miƙe ya sauka 122 bisa 76, da jiri. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye bayan miƙewa, likitoci suna lissafa shi a matsayin matsala, nata kuwa 26 ne. Gwajin jini ya nuna ƙoda ta fara jigata, abin da yawan shan diclofenac ke jawowa ga tsofaffi. An kuma ga yana a idon hagu. Sai a ranar aka gane cewa ƙwayar hawan jinin da ke sa fitsari da daddare take shanta, ba da safe ba.

Likita ya tsayar da diclofenac na sha da haɗin leda, ya tsara yadda za a janye tramadol a hankali, ya maida ƙwayar fitsarin safe, ya rubuta paracetamol da maganin shafawa, ya tura ta sashen gashin ƙashi.

A can aka sa mata zuwa sau biyu a mako: fitilar ɗumi da na'urar lantarki a gwiwa, kamar minti 20. Tana jin daɗinsa, zuwa washegari ciwon ya dawo. Kowane zuwa sai an ɗauki tasi, sai mutum biyu sun bar aikinsu, sai an bi layi. Sau biyar ta je aka bari. An ba ta takardar motsa jiki da Turanci, da zanen wata mata cikin wando tana ɗaga ƙafa. A ƙarƙashin katifa na same ta, tare da rasit-rasit.

## Fabrairu 2024: awon farko a gida

Surukarta ce ta tare ni a wurin wani suna ta ce in zo in duba. Awo huɗu na yi, dukansu ba sa buƙatar komai sai kujera, agogon waya da igiyar awo.

Na farko, ta tashi daga kujera, ta yi tafiyar mita 3, ta juyo, ta zauna. Da sanda ta yi shi a daƙiƙa 26. Daga daƙiƙa 12 zuwa sama ake cewa mutum yana cikin haɗarin faɗuwa. Na biyu, sau nawa za ta tashi ta zauna cikin daƙiƙa 30, hannaye a harɗe a ƙirji. Ko sau ɗaya ba ta iya ba, da dafawa ta yi 4. Ga mace mai shekara 70 zuwa 74, ƙasa da 10 rauni ne. Na uku, tsayuwa da ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, diddige yana taɓa yatsu, ana son daƙiƙa 10. Ba ta iya jera ƙafafun ba ma.

Na huɗu shi ne ciwo. A asibiti cewa muke mutum ya ba ciwonsa maki daga sifili zuwa goma. Hajiya ta dube ni kamar na yi mata Faransanci. Akwai farantin goro a kan akwatinta, sai na ƙirgo goma na jera mata a kan zane. Na ce, "Hajiya, a ce lafiyar ƙafarki goron nan goma ce. Nawa ciwo ya cinye yau?" Ta sa yatsa ta ture takwas gefe, ɗaya bayan ɗaya. Da goron nan muka ci gaba da awo har shekara, in ya bushe a canza.

Na tambaye ta me take so ta samu. Ba ta ambaci ciwo ba. Ta ce ta yi sallah a tsaye, kuma a fitar da abin nan daga ɗakinta. Ta nuna fo da haɓa, ba ta ko dube shi ba.

## Fabrairu zuwa Afrilu 2024: farkon horo

Tsarin da na ɗauko shi ne na Otago, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan don tsofaffi su yi a gidajensu. Gwajinsa na farko, wanda aka buga a 1997, a kan mata 'yan shekara 80 zuwa sama aka yi shi, kuma da aka haɗa gwaje-gwaje huɗu an samu raguwar faɗuwa da kashi 35 cikin ɗari. Motsi 17 ne, 5 na ƙarfafa ƙafa, 12 na daidaita tsayuwa, sau uku a mako kamar minti 30, da tafiya aƙalla sau biyu a mako. Ana ɗaura nauyi a idon sawu, ana ƙara shi a hankali.

Da shida muka fara: tashi da zama daga kujerar roba biyu da aka ɗora juna aka jingina da bango, miƙe gwiwa a zaune, ɗaga ƙafa gefe, ɗage diddige, tafiyar kaguwa a jikin bango, da tsayuwar ƙafa a gaban ƙafa. Ƙarfen taga shi ne madafa. Ranakun su ne Asabar, Litinin da Laraba, da zarar ta sallame la'asar, tun tana kan kujerar. Ban ba ta ƙarfe kaza na agogo ba.

Jikarta 'yar shekara 15 na ɗora a kan ƙirga da rubutawa a littafin makaranta. Su biyun wasan kaka da jika suke, "kishiyata" take ce mata, kuma abin da surukar ba za ta iya faɗa mata ba saboda kunya, yarinyar tana faɗa kai tsaye: "Kaka, wannan ba tashi ba ne, ha'inci ne, sake." Nauyin farko ledar ruwan sha ce, rabin lita, wato rabin kilo, a naɗe a ɗankwali. A rana ta huɗu ta fashe ta jiƙa tabarma. Muka koma yashi a tsohuwar safa, mai shinkafa na bakin layi ya auna mana a sikelinsa.

A gefe guda an yi gyare-gyare: tocila a ƙarƙashin matashi, takalmi mai maɗauri a madadin silifas, mai walda ya kafa ƙarfe a bangon makewayi, ana goge gansakuka duk Juma'a. In za ta tashi daga kwance, sai ta zauna a bakin gado ta ja tasbihi 33 kafin ta miƙe.

A mako na uku abu ya ɓaci. Yarinyar ta ga ana samun ci gaba, sai ta ɗaga tashi da zama daga 8 zuwa 25 a zama ɗaya. Gwiwar dama ta kumbura, goro tara. Babban ɗan ya kira ni, muryarsa a sama: "Kin ga abin da nake gudu ke nan. Tsohuwa ce, ba soja ba."

Na ce, "Yaya, laifina ne, ban faɗa wa yarinyar iyaka ba. Amma in ka kafe motarka wata takwas, ranar da ka zo tayarwa me za ka tarar?" Ya ce batir ya mutu, taya ta sace. Ya yi shiru, sannan ya ba ni wata guda.

Mun tsallake zama biyu, tana dai yawo cikin ɗaki, muka koma kan 6. Daga nan aka rubuta ƙa'ida a bangon littafin: in motsi ya ƙara ciwo da goro ɗaya ko biyu, kuma zuwa washegari war haka ya koma yadda yake, a ci gaba. In ya wuce haka, ko gwiwa ta kumbura ta yi zafi, a rage a kira ni. Ba a ƙara fiye da biyu a mako.

Azumi ya kama a mako na biyu na Maris, ta ce ba za ta sha ba. Muka maida horon bayan buɗa-baki, muka rage shi rabi, muka ajiye tafiya. Awon bayan sallah, a Afrilu: daƙiƙa 21, tashi da zama 3 ba dafawa, goro bakwai.

## Afrilu 2024: koyon tashi daga ƙasa

Wannan ta ƙi shi da farko. Ta ce da hankalinta ba za ta kwanta a ƙasa ba. Saboda haka daga ƙarshe muka faro. Makon farko tana tsaye gaban kujera, ta dafa, ta ɗan sauke gwiwar dama kan matasai uku, ta miƙe da ƙafar hagu wadda ta fi ƙarfi. Sai matasai biyu, sai ɗaya. Bayan nan gwiwa biyu a kan katifa, sai rarrafe taku uku zuwa kujera, sai zama a gefen cinya. Kwanciya ita ce ta ƙarshe, a mako na huɗu. Saboda hannun da ya karye, da gwiwar hannu take turawa a ɓangaren dama.

An kuma koya mata lokacin da ba a yunƙurin tashi: in kai ya bugu, in ƙugu ko cinya na zafi mai tsanani, in ƙafa ta ƙi motsi. A nan kira ake yi. 'Yar wayarta ta koma cikin jaka a rataye a wuya.

## Mayu 2024: faɗuwa ta huɗu

A ƙarshen wata wani ɗan haya ya ɗaure ragon layyarsa a tsakar gida. Da hantsi, gida ba kowa, Hajiya na dawowa daga makewayi, ragon ya zabura, igiya ta harɗe mata ƙafa. Ta faɗi a gefen hagu. Yadda ta ba ni labari, ta ɗan kwanta ta ji jikinta, ta motsa ƙafafu, ta mirgina, ta rarrafa zuwa wani turmi da aka kife, ta dafa, ta zauna a kai. Ta ƙiyasta minti huɗu ko biyar. Ba ta gaya wa kowa ba, sai da la'asar jikar ta ga ƙujewa a gwiwa.

Na duba ta a daren. Babu karaya, babu kumburi, hawan jini bai sauka ba da ta miƙe. Ɗan ya ce a dawo da fo na rana. Ta ce, "Ni na goya ka, ba kai ka goya ni ba. A ɗauke ragon dai." Aka ɗauke ragon. Bayan kwana uku aka ci gaba da horo.

## Agusta 2024 da Fabrairu 2025: awo na uku da na huɗu

A Agusta, wata shida da farawa: daƙiƙa 16, tashi da zama 7, tsayuwar ƙafa a gaban ƙafa daƙiƙa 6, goro biyar. Nauyin idon sawu ya kai kilo ɗaya da rabi, motsi sun kai 13. Tun Yuli fo ya bar ɗakin, sai daren da ake ruwa.

A ƙarshen shekara jikar ta tafi makarantar kwana, horo ya tsaya cak mako uku. Abin da ya tayar da shi wasu tsofaffi biyu ne na gidan da suka daɗe suna leƙe, suka kawo kujerunsu. Hajiya ce take ƙirga musu yanzu, da tsawa.

A Fabrairu 2025: daƙiƙa 13 ba sanda, tashi da zama 9, tsayuwa daƙiƙa 10, goro huɗu, ranar sanyi shida. Nauyinta kilo 82. Littafin ya nuna zama 109 cikin 156 da aka tsara. Babu faɗuwa tun ta rago. Tramadol rabonta da shi tun Maris 2024. Tana takawa kamar mita 200 zuwa wurin koko, surukar na suya, ita tana karɓar kuɗi. A farilla tana tsayuwa da ruku'u, ta zauna a kujera ta yi sujada.

## Abin da na fahimta

Faɗuwa huɗun nan ba dalili ɗaya suke da shi ba. Ta farko ta santsi ce, ta biyu ta magani da duhu, ta huɗu ta rago. Ta uku kuwa gidan ne ya haife ta. Wata shida na hutu ya cinye tsokar cinyar da ke riƙe gwiwa, gwiwa ta ƙara ciwo, ciwon ya kawo ƙwayoyi, ƙwayoyin suka kawo jiri. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Ban ga laifin ɗan ba, don tarbiyyarmu ce ta ce kada uwa ta ɗaga ko tsinke muna tsaye, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa tsoka guduwa take in ba a aiki da ita.

Ɗumi da lantarki ba su yi ƙarya ba, sun ba da sauƙin yini guda, amma ba su ƙara wa ƙafa komai ba, ga tsadar zuwa. Takardar motsa jikin nan ta asibiti ma motsin da ke cikinta daidai ne, kusan su muka yi. Abin da ta rasa shi ne mai ƙirgawa, lokaci tsayayye, da iyakar ciwon da za a jure. Kuskurena na mako na uku daga nan ya fito, kuma saura kaɗan ya rufe aikin gaba ɗaya.

Gyaran magunguna na Janairu shi ya kawar da jirin, ba motsa jiki ba, kuma da ba a yi shi ba da ban isa in tsayar da ita a jikin taga ba. Amma tashi daga sifili zuwa tara aikin horo ne. Haka ya yi daidai da abin da babban nazarin 2019 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ya samu, cewa motsa jiki na rage yawan faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 23 cikin ɗari, musamman na daidaita tsayuwa. Ragewa ne, ba hanawa ba. Shi ya sa a wurina mako huɗun da muka yi a kan katifa sun fi kowane sashe daraja. Abin da ya kulle ta a ɗaki tsoron kwanciya a ƙasa ne har wani ya zo, kuma bayan Mayu ban sake jin ta ambaci asubar nan ba.

Guringuntsin da ya cinye bai dawo ba, ciwon ma bai tafi ba, rabi ya ragu. Daƙiƙa 13 har yanzu tana cikin layin haɗari. Yanar idon hagu tana nan, an ba ta ranar komawa a duba batun aiki. Dakalin bakin makewayi ma yana nan da tsayinsa, don mai gida ya ce 'yan haya su haɗa kuɗin siminti, ɗaki biyar kawai suka bayar.